Fulogi Nawa Ce?

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, tambayar farko a wurin dillalan motoci ta sauya. Kafin mai saye ya duba fenti ko ya leƙa kujeru, sai ka ji ya ce, "Alhaji, fulogi nawa ce?" Mai huɗu ba ta kwana. Mai shida kuwa sai ta yi watanni ƙura tana hawanta.

Turawa sun riga mu shiga wannan lissafi. A 2012 kamfanin Ford ya fito da injin EcoBoost mai lita 1.0, silinda uku kacal, wanda gindinsa zai zauna daram a kan farar takarda guda ta A4. Aka ɗora shi a motar Focus a gurbin mai lita 1.6, ya kuma ba da ƙarfin doki 125. Shekara uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, shi ne gwarzon injin duniya. Sirrinsa turbo. Hayaƙin da zai fice ta salansa a banza shi ake sa wa ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska. A cikin gari, ana tafiya sannu, sai ya sha mai irin na yaro. In an nemi ƙarfi, ya yi aikin manya.

To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Da zarar direba ya danne totur, iskar da aka ɗura sai an haɗa ta da mai daidai ita. Injin ya ɗau zafi, kwamfutar motar ta ƙara watsa fetur don ta sanyaya shi. Nan ribar take zurarewa. Masu motoci da yawa sun tarar abin da suke kashewa a gidan mai ya zarce na takarda, domin gwajin shan mai na da can a ɗaki ake yinsa, cikin lallami. Sai a Satumban 2017 Tarayyar Turai ta tsaurara shi, har da auna hayaƙi a kan titi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tudu bai san an rage inji ba. Dubi motar haya a hawan Jos: mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe, buhunan masara ɗaure da igiya har salansa tana shafar ƙasa. Ko wane inji aka sa mata, nauyin nan sai an biya shi, in ba da mai ba, to da lafiyar ƙarfe.

Haka muke yi wa mutane, kuma yana ci mini rai. A sallami ma'aikata biyu cikin biyar, aiki yana nan yadda yake, a ce an yi tsimi. Ukun da suka rage su ne ake danne wa totur. Ba a ganin kuɗin a littafin ofis, sai a hawan jini da ciwon baya da yaran da ba sa ganin ubansu sai sun yi barci.

Mutanen Japan da suka tashi yin ƙananan motocinsu na kei, ba injin kaɗai suka taɓa ba. Tun 1990 doka ta tsayar da shi a cc 660, kuma yau tsawon motar ba ya wuce mita 3.4, faɗinta mita 1.48, mutum huɗu ne iyakarta.