Wa Zai Kira Janar Ya Amsa?

'Yan'uwa, mu mazauna fadamar Haɗeja mun san halin ruwa. Muddin kogi yana bin hanyarsa, masuncin Baturiya ya samu, manomin shinkafa ya samu, makiyayi ya shayar da garkensa. Ran da ya ƙetare gaɓa kuwa, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022, ba ya tambayar gidan wa ya shiga. Haka ƙarfin soja yake. Shi ya sa tsarin mulkin 1999 ya sa rundunonin ƙasa a ƙarƙashin zaɓaɓɓen shugaba, ya kuma ba Majalisar Tarayya ikon yi musu doka. Gaɓar ke nan a takarda. Bari mu duba ta a ƙasa.

A watan Disamba na 2015, mabiya Malam Ibrahim Zakzaky suka tare hanyar ayarin Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Janar Tukur Buratai, a Zariya. Tare hanya laifi ne, ba mu musa ba. Amma hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa, ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Garba, ta bayyana a 2016 cewa farar hula 348 ne suka mutu, da soja ɗaya, kuma an binne gawa 347 a rami guda a Mando. Ta ba da shawarar a gurfanar da waɗanda ke da hannu. Malamin da matarsa ne suka sha tsare har kotu ta sallame su a 2021. A 2021 ɗin kuma aka naɗa Janar Buratai jakada a Jamhuriyar Benin. Ba aƙidarmu ɗaya da waɗanda aka binne ba, amma Mahaliccinmu ɗaya ne, kuma jininsu bai fi namu araha ba.

Akan ce soja umarni yake bi. To, madalla. Idan kurtu ya miƙa wuyansa ga na sama da shi, ashe alhakin abin da hannunsa ya aikata ya hau sama tare da biyayyar. Ba daidai ba ne mai anini a kafaɗa ya karɓi gaisuwa da lambar yabo, ya bar wa ɗan talaka nauyin jini shi kaɗai.

Wannan ciwo tsoho ne. Lokacin Kwamitin Oputa, wanda aka kafa a 1999, Fada Matthew Hassan Kukah yana sakatarensa, an gayyaci Janar Buhari da Janar Babangida da Janar Abdulsalami su zo su yi bayani. Ba wanda ya zo. Gwauraye da marayu kuwa sun zo, sun yi kuka a bainar jama'a, sun koma gida.

Wasu za su ce tuhumar hafsoshi za ta karya gwiwar yaranmu da ke fagen fama a Borno. Mun ji, domin mu ma muna da 'ya'ya a cikin kaki, muna yi musu addu'a kowace Lahadi. Sai dai sojan da ya ga ana tambayar babbansa ya san ba za a jefa ransa a banza ba.

'Yan majalisar da muke turawa Abuja daga Jigawa su ne ke sa hannu a kasafin kuɗin soja kowace shekara. Idan sun dawo neman ƙuri'a, bayan mun tambaye su batun taki da yashe kogi, muna da damar tambayarsu ina rahoton Zariya ya kwana.