Idan Ido Ba Ya Kansa: Tunani a Kan Tarbiyyar Matasa

Akwai tambayar da ta kamata duk gidan da ke da saurayi ko budurwa ya yi wa kansa: me muke nema daga yaron nan, ya ji tsoronmu ko ya san daidai? Wani zai ce ai duk ɗaya ne, tunda mai tsoro ma daidai yake yi. Amma bambancin yana fitowa a sa'ar da babu kowa. Mai tsoro yakan shiga taitayinsa da ya ji gyaran muryar mahaifinsa a zaure, da mahaifin ya sha kwana kuma sai a koma gidan jiya. Wanda ya san daidai kuwa, halinsa a gaban mutane shi ne halinsa a bayan idonsu. Mu tuna, idan Allah ya ja kwana, mafi yawan rayuwar ɗa a bayan idon iyayensa zai yi ta.

Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Sai dai ɗan shekara 15 ya wuce ɗanyen reshe, bai kuma kai busasshen icce ba. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa ɓangaren gabanta, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya taka wa zuciya burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali ɓangaren da ke son daɗi da yabon abokai tun balaga yake farkawa. Shi ya sa yaro mai kaifin basira a aji zai iya yin wautar da za ta sa ka riƙe baki. Hankali kuwa kamar kowace sana'a yake, da yi ake gwanancewa. Yaron da aka yanke wa kowace shawara, daga rigar da zai sa har abokin da zai gaisa da shi, yaushe zai koyi yanke tasa?

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a zo da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. A tsarin gandu, idan ɗa ya tasa, maigida yakan yanka masa gayauna, 'yar gonar da zai noma bayan an tashi daga aikin gandu ko a ranakun da aka bar masa. Shi zai zaɓi abin da zai shuka, abin da ya samu kuma nasa ne. Idan ya yi lalaci ciyawa ta cinye gyaɗarsa, da kaka zai ga sa'o'insa suna ɗinka sabuwar riga shi yana kallo. Wannan darasi ya fi bulala goma shiga jiki, kuma gidan bai kwana da yunwa ba, domin rumbun gandu yana nan. Haka abin yake a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi: yaron shago yakan fara da aike, sannan a bar shi ya yi ciniki, sannan a ba shi makulli, daga ƙarshe a sallame shi da jari. Kaɗan-kaɗan ake miƙa amana, ana yi ana duba yadda aka riƙe ta.

Addini ma a nan ya tsaya. A cikin Musnad na Imam Ahmad akwai labarin saurayin da ya zo gaban Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa da tsawa, amma Annabi ya sa ya matso kusa ya zauna, ya riƙa tambayarsa ko zai so a yi wa mahaifiyarsa haka, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa. Yaron da bakinsa ya riƙa cewa a'a. Aka ɗora masa hannu aka yi masa addu'a, ya tashi ya bar abin har abada. Da tsawa aka bi, da ya yi shiru ya fita da ƙudurinsa a ciki. Haka wasiyyar Luƙman ga ɗansa a sura ta 31: da kira mai taushi yake farawa, yana haɗa umarni da dalili, yana kuma koya masa cewa aiki ko ya kai ƙanƙantar ƙwayar komayya, ko an ɓoye shi a cikin dutse, Allah zai fito da shi. Luƙman yana dasa mai gadi ne a cikin zuciyar yaron, wanda zai bi shi inda uba ba zai iya binsa ba.

Za a ce wancan zamani daban, yanzu akwai ƙwaya, akwai daba, akwai waya. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Mayu na shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Uwar da ta ga ɗan maƙwabta ya zama abin tausayi a bakin kwata, ba za a zarge ta ba idan ta so kulle nata a ɗaki. Amma mun ga inda wannan hanya take ƙarewa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Wata mai zuwa aka sake gano wani a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don so da kuma ƙarewar dabara. Mari yakan hana ƙafa tafiya, amma bai taɓa abin da ya kai yaron ga kwalba ba: zaman banza, ko baƙin ciki, ko rashin wanda zai saurare shi.

Kada a ɗauka jagora na nufin sakaci. A shekarun 1960 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Diana Baumrind, ta kasa iyaye gida uku: masu doka ba bayani, masu sakin linzami gaba ɗaya, da masu doka tare da bayani da jan yaro a jiki. 'Ya'yan kashi na uku ne aka ga sun fi kamun kai da dogaro da kai. Wannan bai yi nisa da hikimar gayauna ba, domin gayauna ma tana da iyaka, kuma ba ta ɗauke wa ɗa aikin gandu. Dokar dawowa gida kafin ƙarfe tara tana nan, amma a faɗa masa dalilinta, a ji ta bakinsa. Idan ya karya, hukuncin ya dace da laifin: wanda ya yi dare ya rasa fitar gobe, wanda ya fasa ya biya daga kuɗin kashewarsa. A yi masa faɗan a keɓe, domin saurayin da aka tozarta a gaban ƙannensa zai manta laifinsa ya riƙe tozarcin.

Batun waya ya isa misali. Ana iya ƙwace ta, amma ta abokinsa tana nan. Ana iya bincika ta kowane dare, sai ya ƙware wajen gogewa. Abin da ya fi tsare 'ya mace a WhatsApp ko TikTok shi ne ta san cewa ranar da wani ya turo mata maganar banza, ko ya yi mata barazana da hoto, za ta iya zuwa ta ce, “Umma, ga abin da ya faru,” ba tare da an fara da marinta ba. Masu cutar da yara da wannan tsoron suke farauta. Ma'aunin tarbiyya ke nan: idan ɗanmu ya shiga uku, wurinmu zai gudo ko mu zai guje wa?

A da, inda kunyar ɗan fari ta hana uwa ko uba magana, akwai kawu, akwai goggo, akwai kaka mai shigar da gyara cikin wasa. Yau iyalai da yawa suna zaune a ɗaki biyu na haya, nesa da dangi, don haka nauyin hirar ya dawo kan iyaye. Aiki ne mai tsada, ya fi tsawa cin lokaci da haƙuri, kuma yana neman mu zama abin da muke faɗa. Yaron da ya ji mahaifinsa yana kishingiɗe yana ce wa mai bin sa bashi ya yi tafiya, ya riga ya ɗauki karatu a kan gaskiya, kuma wa'azi ba zai goge shi ba.

Shekarun da ke tsakanin 13 da 19 gajeru ne, kuma a cikinsu ake miƙa linzami daga hannunmu zuwa hannunsa. Ko mun miƙa ko ba mu miƙa ba, rana tana zuwa da zai tafi jami'a, ko ci-rani, ko ta tafi ɗakin miji. Gara ya fara riƙe linzamin muna kusa, inda idan ya faɗi za mu ɗaga shi.