Baƙo Raɓa Ne: Gargaɗi ga Ɗalibai Masu Zuwa Aikin Bishara a Ƙasar Nijar

Karatunmu: Luka 10:1-20

Dogon hutun makarantu ya kan zo a tsakiyar damina. A ƙasarmu ta Bagwai wannan shi ne lokacin da babu hannun banza. Gero yana fid da kai, dawa tana son maimai, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Uban da ya sayar da wake da akuya domin kuɗin makaranta yana ƙidaya kwanaki, ɗansa ya komo ya ɗauki fartanya. To, ga ɗan ya komo, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in tafi ƙasar Nijar tare da 'yan'uwana ɗalibai, mu yi mako huɗu muna taimakon Ekklesiya a can." Me uban za ya ce? Me Ekklesiya za ta ce? Idan kuwa an sallame shi, yaya za ya yi zamansa a can? Bari mu auna wannan magana da Maganar Allah.

1. Wannan hanya ba sabuwa ba ce

A cikin 1893 samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasashenmu, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyu na fari suka mutu, Bingham kaɗai ya ragu. Daga cikin wannan hasara mishan ta SIM ta tsiro. A 1924 ma'aikatanta suka kai Damagaram, daga baya suka zauna a Tsibiri da Maraɗi. An buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jiyyar kutare na Danja a 1956. A wajenmu kuma, tun 1948 masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar aike da masu bishara, wadda a ke kira EMS yanzu, tun kafin a kafa ECWA a 1954. Zumuntar ɗalibai masu bi, wato FCS, ta soma a 1957. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, nan kusa da mu, ta koya wa manoma da yawa aikin bishara da harshen Hausa.

Ashe dai abin da ya iso gare mu, ƙafafun waɗansu ne suka kawo shi, galibinsu kuwa matasa ne. Ɗalibin da ya ji kira ya haye iyaka ba ya ƙago sabon abu ba. Bashi ne ya ke so ya biya.

2. Kafin a tashi

Ubangiji Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, ba kowa ne ya aiki kansa ba. Haka kuma Ekklesiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a kafin ta sallami Barnaba da Shawulu. Timoti ma, kafin Bulus ya ɗauke shi, 'yan'uwa na Listra da Ikoniya sun riga sun shaidi halinsa. Sabo da haka kada ɗalibi ya tashi sai da abu uku: yardar iyayensa, da sallamar dattawan Ekklesiyarsa, da gayyatar Ekklesiyar da za ta karɓe shi. Wanda ya bar ubansa da ɓacin zuciya domin ya je ya yi wa'azin ƙauna, ya karya doka ta biyar tun bai kai Bichi ba.

Amma mu da mu ke gida muna da namu rabo. Ba daidai ba ne mu ɗora hannu a kan yaro, mu bar gonar ubansa ta zama daji. Kakanninmu sun bar mana gayya. Bari matasan Ekklesiya su sa rana, su nome gonar duk wanda ya ba da ɗansa. Ta haka dukan Ekklesiya ce ta tafi: shi da ƙafa, mu da fartanya.

A yi hankali kuma da hanya. Daga Bichi a ke bin hanyar Katsina, ta Tsanyawa da Kankiya, daga Katsina zuwa Jibiya, a ƙetare zuwa Ɗan Isa, sa'an nan Maraɗi. Yankin Jibiya ya sha wahalar 'yan fashin daji a shekarun nan. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata gefe a Maris 2024, Nijar kuwa ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Domin haka sai dattawa su bincika halin hanya da takardun da a ke bukata, su ji shawarar 'yan'uwa na can. In sun ce bana a dakata, a dakata. Jefa kai cikin hatsari da gangan ba bangaskiya ba ce, gwada Allah ne.

3. Harshe ɗaya, amma kunne ya yi aiki

Ɗalibi za ya ce, "Ai Hausa su ke yi, babu abin da za ya ruɗe ni." Gaskiya ne, dangi ne. Sarakunan Katsina na dā, da suka bar birninsu a zamanin jihadi, su ne suka kafa Maraɗi. Tsibiri kuwa wurin zaman Gobirawa ne. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani. A 2025 ma hukumar Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Duk da haka baƙo sai ya buɗe kunne.

A kasuwa mai fura za ta ce masa dala ashirin. Kada gabansa ya faɗi, ba dalar Amurka ba ce. Dala a can tamma biyar ce ta kuɗin sefa, dala ashirin sefa 100 ke nan, jika kuwa sefa 1,000. Makaranta lakwal ce. Idan mutum ya ce za shi likita, asibiti ya ke nufi. 'Yan kwastan su ne duwan. Idan an ce hatsi, gero a ke nufi. Za ya ji yara suna kiran malaminsu mushe, shi kuwa a gida ya san mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Wannan kalmar girmamawa ce da suka aro daga Faransanci. Za ya ji hura maimakon fura, tahi maimakon tafi, ɗiya maimakon 'ya.

A nan ne jaraba ta fari ta ke. Bakane ya kan ɗauka Hausarsa ita ce Hausa, ta sauran mutane kuwa karkatacciya ce. Idan ɗalibi ya yi dariyar maganar mai masaukinsa da rana, da wane baki za ya yi masa wa'azi da dare? A ranar Fentikos Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa baƙin Urushalima su koyi harshen Galilawa ba. Kowa ya ji labarin a bakin da uwarsa ta goye shi da shi. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ce, "Baba, me wannan kalma ta ke nufi?" ya ba tsoho girma, ya kuma sami aboki.

4. Ƙwaryar mai gida

A cikin karatunmu Ubangiji ya yi maganar abinci har sau biyu. Ya umurci almajirai su gamsu da abincin gidan da ya karɓe su, kada su riƙa sauya masauki suna neman inda miya ta fi mai. A ƙauyukan Maraɗi fura ita ce abincin rana na mutane da yawa, tuwon gero kuwa da dare. Damina kuma lokacin ƙarancin abinci ne, gama rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Ƙwaryar da aka ajiye gaban baƙo, wataƙila rabon 'ya'yan gida ne aka rage. Idan ya yatsina fuska, ko ya ɓuya a ɗaki yana cin abin da ya zo da shi cikin jaka, ya raina sadaka mai tsada. Bari ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya ga Allah da uwar gida. Abin da ya zo da shi kuwa, ya miƙa shi ga gidan tun ranar fari, a ci tare.

Za a kira shi shan shayi a gindin itace, ana dafa shi a ƙaramar buta bisa gawayi, ana zubawa har zagaye uku. Kada ya duba agogo. Waɗansu sun karanta inda Ubangiji ya hana almajirai tsayawa gaisuwa a hanya, suka zaci gaisuwa ɓata lokaci ce. Ba haka ba ne. Nufinsa kada manzo ya shagala har ya manta da saƙo. Gama nan da nan ya ce abu na fari da za su yi in sun shiga gida shi ne sallama. Zama a tabarma, da tambayar lafiyar iyali da ruwan sama, yana cikin aikin. Wanda ba ka san sunan 'ya'yansa ba, da wuya ya buɗe maka zuciyarsa.

Da safe kuma in mai gida ya ɗauki hauya, kada baƙo ya zauna da littafi. Bulus ya ɗinka tantuna tare da Akila da Biriskila a Koranti. Ɗan Bagwai ya san noma. Bari ya nuna.

5. Baƙo za ya tafi, ɗan gari za ya zauna

Wannan ita ce magana mafi nauyi. Masu bi a Nijar ba su kai mutum biyu cikin ɗari ba. Suna zaune tsakanin maƙwabta da dangi Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, kamar yadda mu ma mu ke a nan. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, sabo da zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a can Faransa. Waɗanda ba su zana kome ba su ne suka kwashi toka. Mu koyi darasi: maganar ganganci ta mutumin nesa, na kusa ne ke biyan kuɗinta.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa ta kan sauka a hankali, ta jiƙa shuka, ta tashi ba ta karya kara ba. Haka ɗalibi za ya zama. Ya gai da mai gari da limami da ladabi. Kada ya zagi addinin kowa, kada ya shiga gardamar siyasa. Ya shaida Yesu Kristi a fili, ba da kunya ba, ya faɗi abin da Mai Ceto ya yi masa, amma da tawali'u, a wurin da fasto na can ya nuna, a lokacin da ya ga ya dace. 'Yan mata su lura da suturar matan Ekklesiyar can, su bi. Kada a ɗauki hoton mutum da waya ba da izninsa ba, balle a watsa hoton sabon mai bi; wannan ya isa ya raba shi da gidansu.

6. Akwai abin koyo

Kada ɗalibi ya zaci shi kaɗai ke ɗauke da kaya. A 1983 wani ma'aikacin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka soma barin reshe kaɗan masu ƙarfi, suna datse sauran. Suna kiran wannan sassaben zamani. Da haka itatuwa suka komo a miliyoyin kadada. Ɗalibin da ya komo Bagwai da wannan sani ya kawo wa ubansa tsaraba. Ya kuma ga misali: Allah yana da saiwa mai rai a wuraren da ido ke ganin fako. Aikin baƙo ba ya wuce ya taimaki tohon da ya tarar.

7. Komowa gida

Almajirai sun komo da murna suna ba da labarin abin da ya faru ta hannunsu. Ubangiji bai hana su murna ba, amma ya juya ta daga aikinsu zuwa ga cetonsu. Ɗalibi ya ba Ekklesiya labari da gaskiya, kada ya ƙara gishiri, kada ya mai da talaucin masu masaukinsa abin hira. Ya ci gaba da yi musu addu'a da aika gaisuwa, gama zumunta a ƙafa ta ke. Ya shiga girbi tare da waɗanda suka nome gonar ubansa. Wanda ya yi shaida a Maraɗi, sai mu ga shaidarsa a bakin dam na Watari da kasuwar garinmu.

Idan kuwa wani ya karai ya komo tun wa'adi bai cika ba, kada mu yashe shi. Yohanna Markus ya juya daga Barjiya, amma a ƙarshen ran Bulus shi ne Bulus ya aika a kawo masa.

Ya Ubangijin girbi, ka ba iyaye zuciyar sakin 'ya'yansu, ka ba 'ya'yanmu kunnen ji da harshe mai taushi, ka tsare 'yan'uwanmu na ƙasar Nijar, ka kai masu tafiya lafiya, ka komo da su lafiya. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.