Burtu da Kwalbar Fitsari: Ina Iyakar Dabarar Maharbi?

Maharbin Hausa bai taɓa ɗaukar yaudarar dabba abin kunya ba. A da, cikin dazuzzukan Kura da Bunkure, yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana caccakar ƙasa kamar tsuntsun, har ya kusanci barewa. Amma kafin ya taka sai ya watsa ƙura ya ga inda iska ta nufa, domin ya san ko ya ci idon barewa, hancinta yana nan. Iska na juyawa, wahalar yini ta tashi a banza.

To, ga wata dabara daga Amurka. Can ana tara fitsarin macen barewarsu lokacin da take neman barbara, a ɗura a kwalba, a sayar a kanti. Maharbi ya yayyafa, ya hau bishiya, namijin ya kawo kansa. Jihar Bajiniya ta haramta shi a 1 ga Yuli 2015, amma don gudun yaɗuwar wata cutar ƙwaƙwalwar barewa, ba don tausayi ba.

Mai karatu zai ce, ai duk yaudara ce, me ya raba dambe da faɗa? Ni dai ina ganin bambanci. Mai burtu yana biya da gwiwarsa, da ƙaya, da rana, kuma ya bar wa dabba ƙofa ɗaya ta tsira. Mai kwalba ƙofar nan ya toshe, ya mai da hancin da Allah ya ba ta don kariya ya zama igiyar jawo ta. Abin da ya fi ci mini rai, ta hanyar neman haihuwa ya kira ta. Naman ya halatta in an ambaci sunan Allah, ban musa ba. Mutuncin sana'ar nake tambaya.

Sai dai kada mu cika baki. Ba burtu ba ne ya kori barewa daga Kadawa, balle kwalba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, daji ya koma hanyoyin ruwa da fadamun shinkafa, alkama da tumatir. Ba wanda ya ɗana kibiya, ba wanda ya duba iska. Ni mai wannan rubutu ma, shinkafar Kura na ci yau da rana.