Karatu ba malami: ilimi ne ko kasada?

Mai karatu, mutumin da ya zauna shi kaɗai ya koyi ilimin tattalin arziki da lissafinsa irin na jami'a, ba malami ba satifiket, masani ne ko ɗan kame-kame?

Mu ɗauki Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya. Matashin garin nan ya ga an rufe iyaka a Agustan 2019, shinkafa ta yi tsada. Ya ga an janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, ribar masu kai mai Maraɗi a jarka ta ragu. Ya ga an sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe. Duk darasi ne, kuma a aljihunsa ya karanta shi. Abin da ya rage masa shi ne lissafin da zai fassara abin da ya gani.

Lissafin kuwa ba ado ba ne. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ɗauki kashi 30 ma kawai a shekara: naira 100,000 da ka ɓoye ƙarƙashin katifa, bayan shekara uku kayan naira 45,500 na yau kaɗai za ta saya. Ana ninka 1.3 da kansa sau uku, a sami 2.197, a raba kuɗin da shi. Wanda ya gane wannan, ai da wuya a cuce shi.

To amma masu cewa karatu ba malami ɓata ne suna da hujja. Littafi ba ya ce maka ka yi kuskure. Sai mutum ya tsallake aljebra da kalkulas, ya haddace manyan kalmomi, ya shiga ba jama'a shawara kan bashi da jari. In dukiyarsu ta salwanta, alhakin na wuyansa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Duk da haka, David Ricardo na Ingila bai shiga jami'a ba. Ɗan kasuwar hannun jari ne da ya karanta littafin Adam Smith a 1799, ya fito da nasa a 1817, har gobe ana koyar da shi. Namu kuma, Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, tafiyar watanni ya yi bayan ilimi. Kai ko, littattafan jami'ar NOUN da darussan MIT ta Amurka suna intanet kyauta.

A ganina, ma'aunin shi ne yarda da gyara. Fara daga lissafin sakandare, ka warware kowace tambaya da biro, ka duba amsa, ka kai aikinka gun wanda ya fi ka ya yi maka jan biro. In ba ka kai nan ba, riƙe shawararka tukuna. Kuɗin mutane ba allon gwaji ba ne. Allah ya sa mu dace.