Dillali ne ko maigida?

In kana zuwa kasuwar dabbobi ka san aikin dillali. Ka kawo ragonka, ka miƙa masa igiya. Shi ya san masu saye, shi ya san bakin da zai yi musu. Amma in an taya, kuɗin bai yi maka ba, kalma guda ta isa: albarka. Dillali ba ya sallamawa sai da yardarka. In ciniki ya faɗa, ya ɗauki la'adarsa, kowa ya kama gabansa. Gobe in ka kwanta ciwo, ba mai cewa dillali ya saya maka magani. Kai ba baransa ba ne.

Maigida daban ne. Yaron ɗan kasuwa a Maraɗi ba ya cewa albarka. In an ce ya tashi ya raka kaya Birnin Ƙwanni, tashi yake yi, ko da dare ne. Ba shi ke yanke wa kaya kuɗi ba. Amma in ya kwanta, maigida ke kai shi likita. In matarsa ta haihu, ragon suna daga gidan maigida yake fitowa. Da salla akwai riga. In ya daɗe, a yi masa aure, a ba shi jari. Maigidan da ya ci ƙarfin yaro shekara 10 ya sake shi hannu wofi, gari duka sai ya yi da shi.

Yau an samu na uku. Yana ba da umurni kamar maigida, amma in aka zo maganar hakki sai ya ce shi dillali ne. Tambayar da nake so mu duba tare ke nan: wanda ke juya mutum yadda ya ga dama, ko yana iya wanke hannunsa daga wahalar mutumen don kawai ya sake wa kansa suna?

Bari in faɗa maka wane ne. A manyan biranen duniya akwai kamfanoni masu haɗa ma'aikaci da mai neman aiki ta cikin salula. Uber ya fara a Amurka a 2009, ya shigo Legas a 2014. Akwai Bolt daga ƙasar Estoniya, akwai masu kai abinci da saƙo bisa moto ko keke. Mai son tafiya ya taɓa salularsa, salular direban da ke kusa ta yi ƙara, ya zo ya ɗauke shi. Kamfani ya cire rabonsa daga kuɗin tafiyar, saura na direba. Motar ta direba ce, man nasa ne, gyara nasa ne. Babu albashin wata, babu hutu, babu kuɗin tsufa. Ka yi, a biya ka. Ba ka yi ba, ba kowa. Kamfanonin suna kiran direbobin abokan hulɗa. Ba su kiran su ma'aikata.

Kar ka ce wannan zancen Turai ne, ina ruwanmu. Ƴan ci-raninmu da yawa suna tuƙa moto a Legas. Ɗaya daga cikinsu yana ajina na dare yanzu. Ya yi shekara 2 yana kai saƙonni ga wani kamfani na irin wannan. Ranar da ya shiga, an nuna masa doguwar takarda cikin salula da Ingilishi, aka ce ya danna nan. Ya danna. Bai san abin da ya yarda da shi ba. Wata rana da damina wata mota ta tura shi cikin kwata, hannunsa ya karye. Yana kwance, in ji shi, salula tana ta ƙara cikin aljihunsa, ana turo masa wani aiki. Ƴan garinsu ne suka tara kuɗin ɗori da na mota ya komo gida. Na tambaye shi ko ya je wurin maigidan aikin. Ya yi dariya, ya ce: «Malam, wane maigida? Ban taɓa ganin fuskarsa ba.»

Wasu direbobi biyu na Landan, James Farrar da Yaseen Aslam, sun kai Uber ƙara a kan wannan magana. Sun ci shari'a a ƙaramar kotu a 2016, kamfani ya yi ta ɗaukaka ƙara, har ranar 19 ga Fabrairu 2021 Kotun Ƙoli ta Ingila ta yanke hukunci. Alƙalan ba su tsaya ga sunan da aka rubuta cikin takarda ba. Sun duba yadda aikin ke gudana. Wa ke yanke kuɗin tafiya? Kamfani. Wa ya tsara yarjejeniya, ba tare da direba ya iya sake ko harafi guda ba? Kamfani. In direba ya cika ƙin aikin da aka turo masa, wa ke hukunta shi? Kamfani. Fasinjoji suna ba direba maki, in makin ya yi ƙasa a gargaɗe shi, in bai gyaru ba a rufe masa hanya. Kuma an tsara abin yadda direba da fasinja ba za su saba ba, balle gobe ya kira shi kai tsaye. Sai kotu ta ce waɗannan ma'aikata ne. A watan Maris na 2021 kamfanin ya amince da bai wa direbobinsa sama da 70.000 na ƙasar mafi ƙarancin albashi, da kuɗin hutu, da shiga asusun fansho. Babbar kotun Faransa ma, ranar 4 ga Maris 2020, ta ce zaman kai da ake cewa wani direban Uber yana yi, na baka ne kawai.

Da alƙalan nan sun san kasuwarmu, da sun taƙaita. Tambaya guda ta isa: direban yana iya cewa albarka? In ba ya iyawa, wanda ke gabansa ba dillali ba ne.

Ko dillalin ma, in ka duba, ba ya fita fes. A kasuwar dabbobi shi ke tsayawa shaida cewa sa ba na sata ba ne. Baƙon da ya kawo garke daga daji, sau da yawa gidan dillalinsa yake sauka, can yake ci, can yake kwana. Kakanninmu ba su san wani matsayi ba wanda mutum zai ci riba daga gumin wani, ya zamana ba komi a wuyansa.

Dokar ƙasarmu ma haka take gani, kuma ba kyauta aka same ta ba. An soke aikin dole a 1946. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa suka ajiye aiki gaba ɗaya, ranar 15 ga Disamba na shekarar aka fitar da dokar ƙodago ta ƙasashen renon Faransa. Dokar ƙodagon Nijar ta 2012 ta riƙe ma'aunin nan: ma'aikaci shi ne wanda ya sa ƙarfinsa ƙarƙashin jagoranci da ikon wani, a kan lada. Iko shi ne ma'auni. Wanda aka rubuta a matsayin ma'aikaci yana da awa 40 na aiki a mako, yana da hutu da albashinsa, albashin kuma ba ya kasa jika 42 a wata. Asusun CNSS, da aka kafa a 1965, yana biyan kuɗin yara, da diyyar haɗarin aiki, da fansho, kuma mai ba da aiki ke zuba kaso mafi yawa. Duk wannan shi ne ragon suna da rigar salla na zamanin takarda. Ka ga ke nan abin da kamfani ke tsira da shi in ya samu aka kira shi dillali.

To amma adalci bai yarda in ɓoye maka ɗaya gefen ba. Akwai direbobi da yawa da ba su son maigida ko kaɗan. Ɗalibina kansa ya ce abin da ya fi yi masa daɗi a aikin nan shi ne ba mai yi masa tsawa. Ya fito sa'ad da ya so, ya koma sa'ad da ya gaji, da damina ya kashe salula ya zo noma. Wanda ya taɓa zama bara ya san darajar wannan. Barantaka ba zuma ba ce: akwai durƙuso, akwai zagi gaban mutane, akwai jarin da ake alkawari har tsufa bai zo ba. Ni ba na roƙon a maida kowa bara. Kuma kamfanonin suna cewa in aka ɗora musu nauyin ma'aikata za su rage mutane ko su tashi. Ba barazana ce kawai ba. Da Sifen ta yi doka a 2021 cewa masu kai abinci ma'aikata ne, kamfanin Deliveroo ya bar ƙasar a ƙarshen shekarar. A jihar Kaliforniya ta Amurka, a Nuwamban 2020, jama'a sun jefa ƙuri'a suka yarda direbobin su zauna a matsayin masu zaman kansu, da ɗan tallafi kaɗan. Sai dai kamfanonin sun kashe sama da dalar Amurka miliyan 200 wajen neman ƙuri'un, abin da direbobi ba su da shi.

Wannan gardama ta sa ni yin tunani kwana da kwanaki. Inda na tsaya shi ne nan. Ƴancin fita sa'ad da ka so gaskiya ne, amma mai yunwa ba ya zaɓen ranar fita. Kuma ba wanda ya ce dole mutum ya sayar da hakkin jinyarsa kafin ya samu wannan ƴanci. Kamfani ne ya ɗaure su cikin dami guda, ya ce ka ɗauka duka ko ka bari. In yana son zama dillali, hanya a buɗe take: ya bar direba ya yanke kuɗinsa, ya bar shi ya ƙi aiki ba hukunci, ya ɗauki la'ada ya tsaya nan. In kuwa yana son riƙe linzami, to harawar doki ta hau kansa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi wannan hanya a dokarsu ta 2024: inda alamun iko suka bayyana, a ɗauka mutum ma'aikaci ne, kamfani ke da nauyin kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Kenya ta bi wata hanya a 2022, ta ce rabon kamfani kar ya wuce kashi 18 cikin 100.

Akwai kuma ruɗin kuɗin hannu, wanda ke sa mutum ya ga kamar yana samu. Mu yi lissafi, da misalin da na tsara don aji. A ce mai moto ya tara jika 10 a yini. Kamfani ya cire jika 2. Mai ya ci jika 3. Katin salula dala 100. Saura jika 4 da rabi, kuma wannan ne yake kai wa gida yana cewa ya samu. Amma moton da ya saya jika 500, in kwana 1.000 zai yi kafin ya mutu, kullum yana cin dala 100 ba a gani. Taya da baƙin mai da makanike su ci wata dala 100. Saura jika 3 da rabi. Daga ciki ne za a ci yau, daga ciki ne za a ci ranar zazzaɓi, da ranar da moto ke gareji, da shekarun da ido zai daina ganin hanya. Ma'aikacin ofis wani ne ke ajiye masa wannan. Shi wanga ba mai ajiye masa, sai in ya shiga adashe, ko sandikarsu ta buɗe asusu.

Yanzu bari mu dawo gida, don zagin kamfanin da ke nesa ba shi da wuya. Wa ke kawo maka ruwa? Wa ke yi maka wanki, wa ke ɗaukar maka buhu daga kasuwa? Ɗan dakon da ka kira sau ɗaya, kun yi ciniki, ka biya shi, kun rabu lafiya, ba ya bin ka komi. Amma ga-ruwan da ke zuwa ƙofarka kowace safiya, kai ka sa masa lokaci, kai ka yanke kuɗin tulu, in ya makara ka yi masa faɗa, shi fa? Ni akwai wanda ya yi shekara 4 yana kawo ruwa gidana. Wata safiya bai zo ba. Kafin azahar na samu wani. Sai bayan wata guda na ji cewa bayansa ne ya riƙe, yana kwance a wani zaure. Shekara 4 ina yi masa faɗa kamar maigida. Ranar da ya faɗi, na koma mai saye kawai. Na je na gan shi daga baya, da ɗan abin da ya sawwaƙa, amma na san kunya ce ta kai ni, kuma ta kai ni a makare.

Ɗalibin nawa ya warke. Kabu-kabu yake yi yanzu a nan gari, da moton wani ma'aikaci. Kullum da yamma yana kai masa kuɗin da suka yanke, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai moton ya hana shi fita bayan gari, ya hana shi ba wani aro, ya sa masa lokacin maido da shi. Kwanan baya ya zo da takarda, ya ce in taimake shi mu rubuta yarjejeniya tsakaninsu da Hausa, wadda zai iya karantawa da kansa. Na ce me za mu fara sawa? Ya ce: in na faɗi da moton nan ina cikin aiki, wa zai biya ɗori?

Mun rubuta. Ya kai wa mai moto. Mai moto ya karanta, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Yau mako 3 ke nan takardar tana wurinsa.