Wa Ya Aikata, Ni ko Shi?

A Ingila ɗalibai masu shirin jarrabawar GCSE sukan karanta gajeren littafin Robert Louis Stevenson na 1886, labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde. Jekyll likita ne mai mutunci a Landan. Ya haɗa wani magani da ke rikiɗa shi ya zama mugun mutum, wato Hyde, don ya yi son ransa da dare, gari ya waye sunansa na nan tas.

Malamai sukan ce wa ɗalibai su lura da zaɓin kalmomi. Kai ma ka lura. A babi na ƙarshe, inda Jekyll ya rubuta bayaninsa, yana ta kai da komowa tsakanin "ni" da "shi", har ya kai ga kasa kiran Hyde "ni". Alhali sandar da Hyde ya kashe dattijo Carew da ita, ta Jekyll ce.

To, kai fa? In ka faɗi, yaya kake ba da labarin? "Shaiɗan ne." "Fushi ne ya ɗebe ni." Hakika Iblis yana jarabtar mutum, amma hannun wa ya ɗaga sandar? Dawuda bai nemi wani "shi" ba a Zabura 51, ya ɗauki laifinsa a kansa, shi ya sa addu'arsa ta zama tuba. Jekyll kuwa ya ci gaba da raba kansa biyu, yana zaton duk ranar da ya ga dama zai rabu da Hyde. Wata safiya ya farka ya ga hannun Hyde a kan shimfiɗarsa, bai kuwa sha maganin ba.